Ta Bakwai a Layin Gidan Malam Aƙilu

Alƙahira, 4 ga Fabrairu

Ameera ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Umma da duk mutanen gida. Yaya ƙafar Umma? Ki hana ta hawa benen nan, babu abin da ke sama da ba za ki iya sauko mata da shi ba.

Kar ki yi mamakin ganin takarda. Yayanki Falalu yana kwance, amma kunnensa garau. In na ɗaga waya sai ya rufe ido kamar mai barci, alhali ko tari kika yi a Kano ya ji. Daga yau mu riƙa rubutawa, ki ɗauki hoton takardar ki turo min, in karanta a baranda.

Jiki kam sai addu'a. Wankin ƙoda sau uku a mako, jijiyar hannunsa ta toshe, sun koma ta wuya. Amma ga abin da ya sa na zauna rubutu: sakamakon gwajin da kika yi a Kano ya iso, likita ya ce ƙodarki ta dace da tasa. Kin san Yaya Badaru suga ya hana shi, Najla ga tsohon ciki, na Hanif bai dace ba. Ni kuwa jinina ya ƙi, duk da 'yar baffanku ce ni, kwano ɗaya muka ci tuwo. Ke kaɗai kika rage mana. An sa ranar 12 ga Maris, da sharaɗin ki iso kafin ƙarshen watan nan.

Asibitin nan ba sa karɓar ƙoda sai daga ɗan'uwa na jini, kuma sai fasfo ya nuna ubanku ɗaya. Ke ce kaɗai ba ki taɓa yin fasfo ba a gidan, muna ta yawonmu kina zaune kina jinyar Baba Malam shekara shida. Gobe da sassafe ki ɗauki katin shaidarki ki je. Kuma ki tuna a takarda Maryam ne sunanki, kar ki je ki rubuta musu Ameera, na san halinki.

Yayarki,
Sauda

Nassarawa GRA, 7 ga Fabrairu

Yaya Sauda,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Umma ma da sauƙi, sai dai benen nan ta ce sai dai a rushe shi. Yaya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Na yi kuka da na karanta, amma na murna ne. Ki ce wa Yaya Falalu dama ƙodar tana zaune ba ta aikin komai sai tace shayi.

Na je ofishin jiya da yau. Jiya layi ya ƙare kafin a zo kaina. Yau matar ta buga lambar katina a kwamfuta, ta dube ni, ta ce ai fasfon Maryam Aƙilu ya fita. Mai sa hannu ba ya nan, ta ce in koma Litinin. Ina rubutu a tsaye ne, Umma na kirana.

Ƙanwarki,
Ameera

Alƙahira, 7 ga Fabrairu

Ameera,

Alhamdu lillahi! Ya fita, a kwana biyu? Wallahi albarkar Baba Malam ce ke binki. Ban iya riƙe bakina ba, na shiga na gaya wa Yayanki. Ameera, ya tashi zaune da kansa. Ya ce a kawo masa abinci, mutumin da kwana huɗu sai ruwa. Ya sa na kira likita na ce a tabbatar da ranar.

Ki karɓo shi Litinin ki turo min hoton shafin farko. Ki taho da yaji da kuka, da rigar sanyi, garin nan ba Kano ba ne.

Sauda

Alƙahira, 16 ga Fabrairu

Ameera,

Lafiya? Kwana tara ke nan. Layinki ba ya shiga. Na kira Umma ta ce kina ofis, na sake kira ta ce kina ofis. Wane irin ofis ne wannan? Yayanki kullum sai ya taka barandar asibiti sau biyu, wai yana tara ƙarfin da zai tarye ki. Kullum sai ya tambaye ni ranar jirginki, ni kuma ƙaryata ta kusa ƙarewa. In tsoron aikin ne ya kama ki, ki faɗa min kai tsaye, ba zan riƙe ki ba. Amma kar ki bar ni a haka.

Sauda

Nassarawa GRA, 18 ga Fabrairu

Yaya Sauda,

Salam. Muna lafiya a jiki. Da wayar Umma nake turo miki wannan. Ba tsoro ba ne, wallahi ko yau aka ce in kwanta zan kwanta. Kunyar rubuta miki ce ta hana ni, don ni na jawo kika gaya masa. Da na ce ya fita, ni ma ban gane me matar take nufi ba.

Ya fita ɗin, amma shekara biyu da suka wuce, kuma ba a hannuna ba. Ranar Litinin jami'in ya juyo min da fuskar kwamfutar. Sunana, ranar haihuwata, lambata, har lambar gidanmu. Hoton kuma wata mata ce mai wushirya da ban taɓa gani ba. Ta karɓa, bayan sati uku ta bar ƙasar. Na ce masa ni ce Maryam Aƙilu. Ya ce, "Hajiya, ita ma haka ta ce, kuma ita yatsunta na ciki."

Kin tuna ranar da masu rajista suka zo har falon Baba Malam, don ba zai iya zuwa ofis ba? Satin bikin Najla ne, hannuna duk lalle, na'urar ta ƙi ɗaukar yatsuna. Suka ba ni lamba, suka ce in je daga baya a ɗauka. Kwana goma sai Baba ya faɗi, ban sake tunawa ba. Gurbin ya zauna a buɗe har wata ta zo ta sa nata.

Na shigar da koke. Abin da na samu shi ne sun dakatar da lambar, layin wayata da ke haɗe da ita ma aka rufe. Suka ce in kawo shaidu biyu da suka san ni tun ƙuruciya.

Na tafi da Malam Shawulu maƙwabcinmu, shekara talatin katanga ɗaya. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya tsaya ƙyam kamar yana gaban ɗalibai. Aka ce masa mene ne sunan yarinyar nan. Ya ce, "Ameera mana! Ni na koya mata lissafi." Na ce Baba, na takarda. Ya juyo ya ce, "Au, kina da wani?" Bawan Allah har gida yana ba ni haƙuri.

Sai Umma. Tun a mota nake roƙonta. Jami'in ya ce, "Hajiya, sunan 'yarki?" Ta ce, "Mai sunan Hajiya Babba ce." Ya ce shi bai san Hajiya Babba ba. Ta ce, "Uwar maigidana." Ya ce suna yake so. Yaya, shekara arba'in da biyu bakin Umma bai taɓa kama sunan surukarta ba, kin sani, shi ya sa ma aka laƙaba min Ameera. Ta sunkuyar da kai, ta buɗe baki ta rufe. Kafin ta tattaro shi ya riga ya rubuta abin da zai rubuta. Da muka fito ta riƙe hannuna tana faɗarsa a hankali, sau uku, a wurin ajiye motoci inda babu mai ji. Ban taɓa jin tausayinta irin na ranar ba, ban kuma taɓa jin haushinta haka ba.

Sun ce bincike wata uku zuwa shida. Na ce musu yayana ba shi da wata uku. Suka ce Allah ya ba shi lafiya.

Ameera

Alƙahira, 19 ga Fabrairu

Ameera,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta sau huɗu.

Ki yafe min zancen tsoro. Amma ki zauna ki yi tunani, wa kika ba lambarki? Lamba ba ta tashi ta yi ƙafa. Ko kin ba wani katin ya yi miki hoto? Ko masu aikin gidan? Ke dama komai naki a kan tebur, ki ajiye jaka a falo ki tafi kicin. In mun san wanda ya ɗauka, Yaya Badaru zai iya matsa shi ya je ya faɗi gaskiya.

Ban gaya wa Yayanki ba, na ce biza ce ta tsaya. Jiya wankin bai ƙarasa ba, jininsa ya sauka suka cire shi. Likita ya ɗage zuwa 2 ga Afrilu, ya kuma ce min a baranda, ta bakin tafinta, zuciyarsa ba za ta daɗe tana ɗaukar na'urar nan ba. Na ce zuwa yaushe? Ya ɗaga kafaɗa. Ameera, ki bi duk ƙofar da kika gani, ko ta baya ce.

Sauda

Nassarawa GRA, 27 ga Fabrairu

Yaya Sauda,

Salam. Umma na nan, ta daina hawa benen, ta daina magana ma sosai. Yaya jikin Yaya Falalu?

Ban ba kowa lambata ba. Katin nan tun ranar da aka kawo shi yana cikin akwatin Baba, ƙarƙashin littattafai, sai da zan je ofis na ɗauko shi. Na daɗe ina juya yadda zan rubuta miki wannan, don Allah ki karanta a zaune.

Na bi ƙofar bayan da kika ce. Aka kwatanta min wani Lawan a Tudun Wada, mai cike wa mutane fom a wani ɗan shago. Na gaya masa matsalata. Ya ce in faɗa masa lambobi ukun ƙarshe, na ce sifili huɗu bakwai. Ya ce a gida aka yi muku rajistar ko? Na ce e. Ya yi dariya, ya ce, "Ai ku 'yan GRA ku kuka fi sauƙi. Talaka a ofis yake layi, na gabansa mai kifi, na bayansa ɗan acaɓa, ba wanda ya san wani. Ku kuwa sai a zo muku gida, ku jeru babba kafin ƙarami."

Ya ja takarda ya nuna min. Farkon lambar na unguwa ne, tsakiya ranar da aka yi rajista, ƙarshen kuma matsayinka ne a layin ranar. Shi ke nan, babu wani sirri a ciki. Wanda ya san ta mutum ɗaya a gida, ya kuma san wa ke bin wa, ya san ta kowa. Na ce to ai babu wanda ya san ta ko mutum ɗaya a gidanmu. Ya tambayi gidan wa. Da na faɗa sai ya nuna bayana da biro.

Yaya, kalandar sadakar arba'in ɗin Baba ce a bangon, har ta yi ja don tsufa. Kin tuna bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba sai na katin, shi ya sa aka sa katin gaba ɗaya. Shekara uku irinta tana falonmu ina kallon fuskarsa, ban taɓa sauke ido kan lambar da ke ƙasan gemunsa ba. Sifili huɗu ɗaya. A ƙasa kuma ga mu a jere, sunayen yanka da ranakun haihuwa. Lawan ya ɗora biro yana sauka: Umma biyu, Yaya Badaru uku, Yaya Falalu huɗu, ke biyar, Najla shida. Ya tsaya a kan Maryam. Ko minti ɗaya bai yi ba.

Ya rantse ba shi ya sayar da tawa ba, kuma ko shi ne ba ni da yadda zan yi. Ya ce suna gwada na gida duka, su ɗauki wanda bai taɓa tafiya ba kuma babu yatsunsa. Wato zaman da na yi da Baba ne ya bar ni a buɗe. Wannan ta fi komai yi min ciwo.

Guda ɗari biyar aka buga. Tun ranar nake bin gidaje da shaguna, Badawa, Tudun Wada, duk inda na tuna an kai. Talatin da takwas na samo. Mai shayin bakin titinmu ya hana ni tasa, wai tun da ya rataye Malam bai taɓa kwantai ba. Sai da na roƙe shi ya bar ni na shafe lambar da baƙin alƙalami. Hanif ne na takwas, shi ma ban san ko an taɓa tasa ba.

Saura magana ɗaya. Lawan ya ce yana da wata lamba a hannu, ta wata mai shekaruna daga wani gida a nan GRA, ita ma babu yatsunta. Ya ce kwana goma fasfo zai fito da fuskata. Ban amsa ba, ban kuma ƙi ba. Na tambaye shi sunanta, ya ce sai na shirya. Tun ranar duk macen da na gani a layinmu sai in ce ko ita ce.

Ban rubuta don in ɗora wa kowa laifi ba. Ki gaya min abin da zan yi.

Ameera

Alƙahira, 28 ga Fabrairu

Ameera,

Ba sai kin rufa min asiri ba. Ni ce. Ni na ɗauko katin daga akwati, ni na kai wa mai bugawa. Ya ce a yanke hoton kawai, na ce a'a, a bar shi yadda yake da sa hannun Baba, ya fi kwarjini. Yaya Badaru ya ce a sa sunayen da aka san mu da su, na yi tsalle na ce sai na yanka, don jikoki su sani. Ni na tsara mu babba kafin ƙarami, har da saka kaina a tsakiyarku don kar a ce 'yar riƙo ce. Sai kuma ga ni ina tuhumar jakarki.

Na tambayi tafinta a kaikaice, na ce in mai bayarwa ta zo da sunan wani gida fa? Ya ce ko ƙofar ɗakin gwaji ba za ta shiga ba. Da lambarki ke ƙanwarsa ce amma ba ki da hanya. Da ta Lawan kina da hanya amma ba ki da yaya. Na san wannan, na fahimta sarai, amma duk da haka ina roƙonki ki karɓa. Ki zo kawai. Zan durƙusa wa likitan, zan nuna masa hancinku iri ɗaya, zan ce a gwada jininku a gabansa. Na san akwai wata baiwar Allah da za mu yi wa abin da aka yi miki. Zunubin a kaina, na ɗauka. Yau bai taka barandar ba.

Sauda

Alƙahira, 2 ga Maris

Maryam,

Ni ne, Falalu. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ne ya gaji, ba ni ba. Ina gaida Umma, ki ce mata ina cin abinci.

Yayarki ta ɗauka wanda ƙodarsa ta lalace idonsa ma ya lalace. Ta bar wayar a kan gado ta je alwala, na karanta duka tun daga ta farko. Kar ki yi mata faɗa, na riga na yi, sannan na ba ta haƙuri. Kalandar nan ni na kai kashi uku cikin huɗu da motata, har ina fushi da waɗanda ba su rataye ba.

Ba ki da izinina ki koma wurin Lawan. Ba don ni waliyyi ba ne, wallahi ina son rayuwa, ina so ƙwarai, har kunya nake ji. Amma matar nan da ba mu san sunanta ba, wataƙila ita ma tana zaune ne tana jinyar wani, shi ya sa ba ta taɓa tafiya ba. Ba zan iya yawo da ƙodarki a cikina ina jiran ranar da za a juyo mata da fuskar kwamfuta ba.

Na yi magana da wani abokin karatuna likita a Kano. Ya ce ana yin aikin a gida, sai dai akwai jira, kuma sai an sake gwaje-gwaje daga farko. A can ba fasfo za su nema ba, Umma za su gani, da mai unguwa, da jininmu. Likitan nan ya ce bai ba ni shawarar hawa jirgi ba, bai kuma ba ni tabbacin zan kai ƙarshen jiran ba. Na tambaye shi in na zauna fa, yana da tabbaci? Ya ce babu. Na sa hannu a takardar sallama.

Kin ga sunan da na sa a sama. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa kiranki da shi ba, Hajiya Babba ta yafe min. Ki buga takardar nan ki kai ofishin, ki ce ga shaida na uku: ni Falalu Aƙilu, na huɗu a layi, na shaida wadda ta kawo wannan ita ce Maryam, ta bakwai. Ni na riƙe mata gyale ranar tana goge lalle a jikin labulen Baba. Ko ba don ni ba, ki karɓo sunanki.

Jirginmu zai sauka Alhamis bayan la'asar. Na gaya wa Sauda ko yaya ta kasance kafin ranar, a cikin jirgin nan za ta taho da ni, a kujera ko a ƙasa tare da kaya. Ta yi kuka, amma ta yi alkawari.

Ki zo filin jirgi da kanki. Wanda ya zo tarya ba a tambayarsa lamba.

Yayanki,
Falalu